Daga Gaɓar Teku Zuwa Kasuwar Kurmi: Tarihin Farin Wuri



Kalmar da zan ɗora wannan lacca a kanta ba baƙuwa ba ce ga kowa a nan. Watakila ma babu wanda bai furta ta ba tun wayewar garin yau, ko wajen cefane ko wajen shiga mota. Kalmar ita ce kuɗi. Abin da yawancinmu muka manta shi ne, kuɗi jam'i ne, tilonsa wuri. Mutanen da kurɗi suke cewa, har yanzu kuwa a Sakkwato da Gobir kuɗɗi za ka ji. Ashe ke nan duk ran da ma'aikaci ya ce an biya shi kuɗinsa, a asalin lugga cewa ya yi an ƙirga masa ƙoƙunan wata 'yar halittar teku.

Abin mamaki a nan shi ne ƙasar Hausa ba ta da teku. Daga Kano zuwa gaɓa mafi kusa ya haura kilomita 700, kuma ko an je can ba za a tsinci irin wannan wuri ba, domin ba ya rayuwa a Tekun Atlantika. Gidansa Tekun Indiya ne da wanda ke gabas da shi. Abin da nake so in nuna shi ne, har tsawon shekaru kusan 200 darajar abin da ke cikin taskar attajirin Kano da tukunyar mai ƙosai ta rataya ne a kan abin da ke faruwa a wasu gaɓoɓi biyu masu nisa, a sa'ar da ruwan teku ya janye. Gaɓa ta farko ta ba wuri daraja, ta biyu ta karya shi.

Halittar da kanta

Bari in fara da teku, tun da yake ba kowa ne a cikinmu ya taɓa ganinta ba. Ruwan teku ba ya zama a iyaka ɗaya kamar na tafki. Sau biyu a yini da kwana yakan hauro gaɓa, sau biyu kuma ya janye, sababin haka kuwa jan da wata da rana suke yi wa ruwan. Janyewar ta fi yin nisa a lokaci biyu cikin wata, watau daidai da tsayuwar sabon wata da kuma tsakiyarsa, idan ya cika. A irin waɗannan kwanaki filin da jiya ke ƙarƙashin ruwa sai ya fito sarari, yashi da taɓo da dutsen murjani, da 'yan kududdufai a tsakani. Wanda ya taka wannan fili zai ga ƙaguwa tana gudu a kaikaice, da ciyawar ruwa a kwance, da wata halitta mai hannu biyar kamar zanen tauraro, da katantanwa iri-iri wadda ba ta ƙirguwa.

Wuri ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ɗan'uwan dodon koɗi ne, yana da nama da ƙahonni biyu, yana jan ciki yana kiwon gansakuka a jikin duwatsu. Da rana yakan lafe a ƙarƙashin dutse, da dare ya fito. Wannan tsaga mai haƙora da muke gani a cikinsa ita ce ƙofar da yake fitowa. Akwai kuma wani abu game da shi da ya shafi tarihinmu kai tsaye. Idan yana tafiya yakan fito da wata fata mai laushi ta ɓangare biyu ya lulluɓe ƙoƙonsa da ita, ita ce ke ƙara wa ƙoƙon kauri tana kuma goge shi kullum. Dalilin santsinsa da ƙyallinsa ke nan. Wanda ya mutu da kansa, igiyar ruwa ta yi ta mirgina shi a kan yashi, ƙyallin yakan dushe, 'yan kasuwa kuwa ba sa son irinsa. Dole sai an kamo shi da rai. Saboda haka wuri bai taɓa zama abin tsintuwa a banza ba, aiki ake yi kafin a same shi.

Inda aka fi yin wannan aiki shi ne tsibiran Maldib, kudu maso yamma da Indiya. Tsibirai ne ƙanana wajen 1,190, a jere cikin zobba-zobba na murjani, babu tudun da ya kai tsayin mutum biyu a cikinsu, babban birninsu Male. Mutanensu Musulmi ne tun 1153. Al-Mas'udi, wanda ya yi rubutu wajen 943, ya ambaci yadda ake jefa rassan kwakwa cikin ruwa, wuri ya manne a jikinsu, a jawo su a shanya a rana. Wani Bafaranshe mai suna François Pyrard, wanda jirginsu ya farfashe a can a 1602 ya zauna har 1607, ya ga wata hanyar da idonsa. Ya ce sau biyu a wata ake fita, kwana uku kafin sabon wata da uku bayansa, haka kuma a tsakiyar wata, kuma mata ne ke shiga ruwa har iya ƙugu suna tsinta. Ku lura da kwanakin nan, su ne na babbar janyewar ruwa. Bayan an tsinto sai a binne a rami har naman ya ruɓe, a wanke, a ƙirga 12,000 a ɗure cikin kwandon ganyen kwakwa. Sarkin Male ne ke riƙe da cinikinsa da baƙi.

Wata ne ya ƙayyade kwanakin aiki, ƙarancin mutanen tsibiran ya ƙayyade hannuwa, sarki ya ƙayyade fita. Babu wata gwamnati da ta zauna ta shirya wannan, amma abin da babban banki yake ƙoƙarin yi ke nan a zamaninmu, watau hana kuɗi yin yawan da zai zubar musu da daraja.

Shaidar Ibn Battuta

Mutum ɗaya muka sani wanda ya ga farkon hanyar ya kuma ga ƙarshenta, shi ne Ibn Battuta mutumin Tanja. Ya sauka Maldib a 1343, har ya yi alƙalanci a can. Ya kawo sunayen ma'auninsu, daga ɗari har zuwa 100,000 wanda suke kira bustu, ya ce bustu huɗu ake bayarwa a dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma abin yakan faɗi har bustu goma. Mutanen Bangal suna saye da shinkafa domin su ma shi ne kuɗinsu, jiragen Yaman kuwa suna zuba shi a gindin jirgi a maimakon yashi, don ya danne jirgin kada iska ta kifar da shi. Bayan shekara tara ya ƙetare Sahara, ya tarar da wannan wuri a Mali da Gawo, 1,150 a dinari ɗaya.

Mu yi lissafi. A can 400,000, a nan 1,150. Darajar ta ninka kusan sau 350. Ba halittar ce ta sake ba, nisa ne aka saya. Sai ya bi ta Bahar Maliya zuwa Masar, ko ya kewaya ta Magrib, sa'an nan ya hau raƙumi. Tun 1068 al-Bakri ya lissafa shi cikin kayan da ake shigarwa ƙasashen Sudan, al-Umari kuma wajen 1337 ya ce da shi ake ciniki a Mali, masu kawo shi suna cin ƙazamar riba. Akwai ma shaidar da ba ta takarda ba. A 1964 Théodore Monod ya tono kayan wani ayari da aka binne a tsakiyar hamadar Muritaniya, a wani wuri da ake kira Ma'adin Ijafen, sandunan tagulla fiye da 2,000 tare da tarin wuri, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu a ƙarni na 11 ko na 12. Masu kayan ba su dawo sun ɗauka ba.

Jirgin Bature da abin da ya ɗauka

Raƙumi ba ya iya kawo wuri mai yawa, saboda haka a zamanin hanyar Sahara amfaninsa bai wuce wasu biranen Kwara ba, irin su Tambutu da Gawo. Abin da ya sauya al'amarin shi ne kewaya Afirka ta teku da mutanen Fotugal suka yi a 1498. Tun 1515 sarkinsu ya ba da izinin ɗauko wuri daga Indiya don ciniki a gaɓar Afirka ta Yamma. A ƙarni na 18 cinikin ya koma hannun kamfanoni biyu, na Holan da na Ingila. Na Holan yana tara shi a Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, na Ingila a Bangal. Daga can sai Amstadam da Landan, inda ake gwanjonsa. Ga Bature ba shi da wata wahala, domin ko ba shi dole a danne jirgi da wani abu mai nauyi, ga shi kuma ba ya ruɓewa, ruwa ba ya ɓata shi.

Su wa ke saye a wajen gwanjon? Masu jiragen bayi. Jan Hogendorn da Marion Johnson, waɗanda suka bi takardun kamfanonin nan suka fitar da littafi a kan batun a 1986, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 an shigo Afirka ta Yamma da wuri mai nauyin laba fiye da miliyan 25, watau ƙwaya wajen miliyan dubu 10. Mafi yawansa ya sauka a gaɓar Dahomi da ta Yarabawa, musamman Wida. Farashin bawa a can, wanda bai wuce wuri 10,000 zuwa 30,000 ba wajen 1680, ya haura 150,000 wajen 1770.

Wajibi ne mu tsaya a nan mu dubi abin da ido biyu. Ba shi da wuya mu zargi Bature, ya kuwa cancanci zargi. Amma ba shi kaɗai ne a kasuwar ba. Kowane buhun wuri da ya haye gaɓa, akwai hannun Ba'afirke da ya karɓa, akwai kuma mutum mai uwa da uba da ya sauka cikin jirgi a madadinsa. Wasu marubuta sukan mayar da abin ba'a, su ce an yaudari baƙar fata da katantanwa. Wannan magana ba ta da tushe. Sarakunan gaɓa sun san abin da suke saye sarai, kuɗi suke saye, kamar yadda Ingila take sayen azurfa don ta buga sule. Abin takaicin ba wauta ba ne, ya fi wauta muni. Yanki guda ya biya kuɗin da zai yi ciniki da su a kasuwanninsa da 'ya'yansa.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano ya sanya zuwan wuri ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731. Masana sun yi muhawara a kan haka. Paul Lovejoy yana ganin Wangarawa sun san da shi a nan tun zamanin Sanwai, ta hanyar Gawo. Ni ina ganin maganganun biyu ba su ci karo ba. Sanin abu daban, yawansa har ya zama kuɗin kowa daban. Shekarun Sharefa sun zo daidai da lokacin da jirage suka fara juye shi a Wida, ya hauro ta Oyo da Nufe a kan 'yan alaro da jakai. Ba kuma banza ba ne littafin ya tuna wannan sarki da ƙirƙiro haraji iri-iri, ya tuna magajinsa Kumbari da matsa wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa. Haraji a kan dawa da shanu yana da iyaka, domin sai an ɗauka an adana. Da wuri ya samu, sarauta ta sami hanyar taɓa kowane ɗan ciniki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya kira wasu harajin da sunayensu na Hausa cikin abubuwan da ya soki sarakuna a kansu, har da kuɗin gari da kuɗin salla.

Duk da haka kada mu raina wuri. Turawan mulki sun so su nuna shi a matsayin alamar rashin ci gaba, amma Turawan da suka riga su zuwa ba haka suka gani ba. Clapperton, wanda ya fito daga Barno ya fara cin karo da shi a Katagum a 1824, yaba shi ya yi. Ku duba halayensa. Ba a iya yin jabunsa, domin babu maƙerin da zai ƙera shi. Ba ya tsatsa, gara ba ta ci, ba ya saurin fashewa. Ba a bukatar sikeli ko masanin zinariya, yaro ma ya iya ƙirga shi. Mafi muhimmanci kuma, ƙanƙanta. Da wuri biyu ko uku ana sayen gishirin miya ko ɗan ƙulli na daddawa. A Ingila ta wannan zamani talaka yana fama da ƙarancin canji, a Kano kuwa matar da ke cikin kulle tana iya aza wa 'yarta tallan fura, yamma ta yi a ƙirga mata ribarta daidai wa daida. Sana'o'in mata na cikin gida, waɗanda su ne rabin tattalin arzikin garuruwanmu, a kan wuri suka ginu.

A bakin gaɓa huda shi ake yi a shirya arba'in-arba'in a zare. Hausawa ba sa haka, a warwatse ake zuba shi a ƙasa ana ja da yatsu biyar-biyar. Daga nan muka sami hauya, watau ashirin, da zangu, ɗari, da zambar ta dubbai, da keso, buhun tabarma mai cin 20,000. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya ga ana ƙirga 500,000 a Tasawa a farkon 1851, ya kwatanta aikin da na jarumai. Da ya iso Kano ya tarar da dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ya ƙiyasta cewa da 50,000 zuwa 60,000 magidanci zai riƙe iyalinsa shekara guda cikin rufin asiri, cewa kowane magidanci yana biyan 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini a karofi 700, sa'an nan tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ƙasar da ake irin wannan lissafi a cikinta ba ƙasar musayar awaki da dawa ba ce.

Aibinsa guda ne, nauyi. Wurin Maldib 400 ne laba ɗaya, saboda haka keso guda laba 50 ne, kayan ƙato ɗaya, alhali darajarsa dala takwas ce kacal a lissafin Barth. Don ƙaramin ciniki babu kamarsa, don babban ciniki azaba ne. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun rage wannan wahala da bashi da amana tsakaninsu da fatoma, da ɗaukar hajar da za a sayar a hanya. Amma akwai wata mafita da aka bi, mummuna. Aka mayar da bawa tamkar babbar takardar kuɗi, domin shi kuɗi ne mai tafiya da ƙafarsa, har ya ɗauki wasu kayan. Mai tafiya mai nisa yakan tafi da bayi, ya sayar da ɗaya a zango ya sami na guzuri. Ta haka halittar da aka sayo da mutane a bakin teku ta sake zama dalilin sayar da mutane a cikin ƙasa.

Gaɓa ta biyu

Wuri iri biyu ne ya yi aikin kuɗi. Na Maldib ƙarami ne, fari mai ɗan rawaya, da 'yan ƙulu-ƙulu a gefe, masana suna kiransa moneta. Ɗayan ya fi girma, bayansa toka-toka ne da zobe ruwan goro kewaye da shi, shi ne annulus. Duk wanda ke da tsohon wuri a gida ya duba, zai ga yawancinsa mai zoben ne. Wannan zobe shi ne tambarin faɗuwar kuɗinmu na farko.

Gidan mai zobe gaɓar Afirka ta Gabas ce, Zanzibar da Pemba da Mafiya da Lamu har zuwa Mozambik. Gaɓar nan ba irin ta Maldib ba ce. A Maldib tsakanin cikar ruwa da janyewarsa bai fi mita ɗaya ba. A Zanzibar yakan kai mita uku zuwa huɗu, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. A wani lungun teku kamar Chwaka, a gabashin tsibirin, idan ruwa ya janye sai ka ga fili iya ganinka, mata da yara sun bazu a ciki da kwanduna suna tsintar abin miya. A irin wannan fili ba sai an shiga ruwa iya ƙugu ba, kuma babu wani sarki guda da zai iya tsare gaɓa mai tsawon dubban kilomita. Duk shingayen nan uku da suka tsare darajar wurin Maldib, babu ko ɗaya a nan.

Shekaru aru-aru mai zobe yana nan kwance, ba wanda ya kai shi yamma da yawa. Sai a 1845 wani ɗan kasuwar Hambug ta Jamus, Adolph Jacob Hertz, wanda ya nemi wuri a Maldib bai dace ba, ya gwada kai na Zanzibar. A lokacin cinikin bayi ta teku yana ja da baya, na manja yana tashi, masu sayar da manja kuwa sun karɓi sabon wurin. Nan da nan kamfanin O'Swald na Hambug da na Régis na Faransa suka shiga, jirage suka riƙa kewayowa kai tsaye daga Zanzibar zuwa Ikko da Wida ba tare da an bi ta Turai ba. Tsakanin 1851 da 1869 an shigo da fiye da tan 35,000, ƙwaya wajen miliyan dubu 14. Abin da aka kawo cikin shekara 18 ya fi na shekara 90 na ƙarnin da ya gabata.

Sakamakon ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa karɓar albashi. A Ikko wuri 2,000 da ke daidai da sule huɗu da wani abu wajen 1850 ya koma sisi kafin ƙarshen ƙarnin. Ga shi kuma mai zobe ya ninka na Maldib nauyi. Daraja ta ragu, kaya ya ƙaru. Charles Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka kasa sayarwa, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan alaro 15, ladansu kuwa zai cinye abin da suka ɗauka har ya nemi ƙari.

Amma a nan akwai abin lura wanda ake yawan tsallakewa. Faɗuwar ba ta yi tsanani a ƙasar Hausa kamar yadda ta yi a bakin teku ba. Dala tana 2,000 a zamanin Clapperton, 2,500 a zamanin Barth, wajen 5,000 a zamanin Robinson. Ninki biyu da rabi ke nan cikin shekara 70, abin da mu da muka ga halin da naira ta shiga ba za mu kira annoba ba. Dalili biyu nake gani. Na farko nisa, domin kuɗin ɗauko shi daga gaɓa ya zama wani shinge. Na biyu, Daular Sakkwato tana bunƙasa a lokacin, garuruwa suna ƙaruwa, saƙa da rini da jima suna yalwata, kuma yankin da ake karɓar wuri yana faɗaɗa. Barno, wadda da gabaga take ciniki, watau ƙyallen saƙi, ta karɓe shi gab da 1850 a zamanin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir, fatake kuma suka kai shi Adamawa. Ƙasa mai aiki ta shanye ambaliyar da ta nutsar da gaɓa. Sai dai shanyewar tana da iyaka, kuma babu wani sarki, daga Sakkwato har Kukawa, da yake da ikon cewa jiragen Hambug su dakata.

Anini da ɗari

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1904 aka hana shigo da wuri. Ba a kashe shi da doka rana ɗaya ba, haraji ne ya kashe shi. Da farko gwamnati ta karɓi haraji da shi, ta rasa inda za ta zuba, ta rasa mai ɗauka, ga shi kuma farashinsa a kan sule ya bambanta daga gari zuwa gari. Sannu a hankali aka ce sai da kuɗin ƙarfe. Manomi da ke da rumbu cike da dawa da tukunya cike da wuri ya wayi gari dole ya nemo sule, sule kuwa yana hannun Bature da kamfanoninsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, a wannan shekara kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Waɗannan abubuwa uku ba a raba su. Da yawa daga cikin waɗanda suka shuka gyaɗa, ko suka tafi haƙar kuza a Jos, neman abin biyan haraji ne ya fara kai su.

Su kansu masu mulkin sun gane cewa kwabo ya yi wa kasuwarmu girma. Shi ya sa tun 1907 suka buga anini, ɗaya bisa goma na kwabo, mai huda a tsakiya da rubutun Larabci. Harshe ya adana mana farashin canjin. Rabin kwabo Hausawa suka sa masa suna ɗari, domin wuri ɗari yake ci. In haka ne, kwabo metan ke nan, sule 2,400, anini kuwa hauya guda. Watau mafi ƙanƙantar kuɗin Bature ya ninka mafi ƙanƙantar kuɗinmu sau ashirin. Duk cinikin da ke ƙasa da hauya, na mai daddawa da mai ƙuli-ƙuli da mai itacen girki, ba shi da gurbi a sabon tsari. Saboda haka mata suka ci gaba da riƙon wuri a kasuwannin ƙauye shekaru da dama bayan ofis ya daina ganinsa, a arewacin Gana da ƙasar Lobi ma ya kai bayan 1940. Waɗanda suka yi asara su ne masu ajiya. Gwamnati ba ta fanshi abin da ke hannun jama'a ba. Tsohuwar da ta shekara talatin tana tara na kayan ɗakin jikarta ta tarar abin da ke cikin tukunyar ya zama na adon 'yan bori, da na masu duba, da na 'yan caca.

Sunayen kuwa ba su mutu ba, sai dai suka sauya uwar gida. Buhun wuri ya bar wa jaka gurbinsa, ta zama fam 100, da naira ta zo a 1973 ta zama naira 200. Dala, wadda asalinta azurfar nan ce mai hoton sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780, ta zama sule biyu a Nijeriya, a Maraɗi da Damagaram kuwa har yau ita ce tamma biyar, da ita ake ƙirga sefa. Gana da ta bar fam a 1965 ta kira sabon kuɗinta sidi, daga sunan wuri a harshen Akan. Mu kuma idan muna so mu nuna tsabar kuɗi ne aka biya, ba alkawari ba, ba takardar banki ba, sai mu ce an zube su wuri na gugar wuri, ko da yake a cikin masu faɗin haka da wuya a sami wanda ya taɓa jin ƙarar keso idan an sauke shi daga kan jaki.